Hutun Wata Uku Da Na Ɗauka Daga Ingila

Ku 'ya'yana, kun taso kun ji mutanen Daudawa suna kirana Dakta, kuma kun san babu wata takarda a gidan nan da ta ba ni wannan suna. Na san abin da aka riƙa gaya maku a gidajen dangi. Wasu sun ce jarrabawa na faɗi aka koro ni daga Ingila, wasu sun ce karatu ne ya yi mani yawa ya taɓa kaina, wasu kuma sun ɗauki laifin gaba ɗaya sun ɗora wa baffanku Mamman. Ban taɓa zama na warware maku ba, domin duk lokacin da na buɗe baki sai in ji maganar ta fi ƙarfin zama ɗaya. Yanzu idona ya fara rauni, baffanku kuma ya riga mu gidan gaskiya, ba shi da bakin kare kansa. Shi ya sa na ɗauki biro.

A shekarun da man fetur ya yi daraja, gwamnati ta yi ta tura yara karatu ƙasashen waje. Ni Haruna, ɗan manomin auduga da dawa, sai ga ni a wani gari na arewacin Ingila mai yawan ruwan sama da hayaƙin masana'antu, ina neman digiri na uku a kimiyyar sinadarai. A sashenmu kowa yana da kwalabe da wuta da farar riga, ban da mu huɗu. Mu ɗakinmu yana can ƙarshen bene, babu komai a ciki sai tebura da allo da tarin takardu. Sauran ɗalibai kan yi mana ba'a, wai mu ne masu dafa sinadari da fensir.

Aikinmu a kan abu ɗaya ya tsaya. Akwai sinadaran da ko shekara nawa suka yi a wuri guda ba za su haɗu ba, amma da ka sa wani ƙarfe a tsakaninsu sai su haɗu nan da nan, ƙarfen kuma ya fito yadda ya shiga. Irin wannan abu ake kira katalis. Masana'antu sun daɗe suna cin amfaninsa, amma ba wanda zai iya gaya maka dalla-dalla abin da ke faruwa a fatar ƙarfen a daidai lokacin haɗuwar, domin ido ba ya gani. Mu kuma muka ce za mu gano da lissafi.

Shugabanmu tsoho ne, Farfesa kawai muke ce masa. Yana saurayi ya yi aiki a masana'antar takin zamani, wani bututu ya fashe ya tafi da yatsunsa biyu na hannun hagu. Yakan ɗaga hannun ya ce ƙarfen nan ya ci yatsunsa, shi kuma ba zai mutu ba sai ya san yadda ƙarfen ke aikinsa. Sai Hanna, 'yar ƙasar Foland, wadda ke binciken yadda za a juya iskar gawayi ta zama mai a kan ƙarfen nikel. Ba ta da yawan magana, kuma saboda halin da ƙasarsu ke ciki ta yi shekaru ba ta ga uwarta ba. Sai Rajan, mutumin kudancin Indiya, mai nazarin wasu duwatsu masu ƙananan ramuka da ake tace ɗanyen mai da su. Shi ne mai ba mu dariya. Yakan ce da ni man ƙasarmu duk sai ya bi ta cikin ramukansa kafin ya shiga mota. Ni kuma aka ba ni naitirojin, iskar da ta fi yawa a cikin abin da muke shaƙa. Ƙwayoyinta bibbiyu suke tafiya, sun riƙe juna gam, kuma sai an raba su a kan baƙin ƙarfe kafin a yi takin zamani. An lura cewa in aka ɗan barbaɗa wa ƙarfen fotasiyam, sinadarin da ke cikin toka, aikin ya fi sauri. Aikina shi ne in nuna dalili. Ni na roƙi a ba ni wannan, domin ina tuna ranar da Baba ya shigo gida da buhun taki na farko daga wurin malaman gona, ya zauna yana murza shi a tafin hannu yana sansanawa.

Kwamfutar da muke aiki da ita ba irin ta hannunku ba ce. Ɗaki guda ta cika a wani gini dabam, ba a ma barin mu mu taɓa ta. Za ka rubuta lissafinka a takarda mai gida-gida, ka je ka huhhuda shi a jikin katuna, kowane layi da katinsa, ka jera su a akwati ka miƙa ta taga. Gobe ko jibi ka dawo ka karɓi amsa a doguwar takarda. In ka yi kuskuren harafi ɗaya, na'urar ba ta san uzuri ba, sai ta dawo maka da kayanka. Haka na yi shekara biyu da rabi. Ƙarfe huɗu na yamma mukan ajiye fensir mu sha shayi na rabin awa, kuma sau da yawa wannan rabin awar ce kaɗai maganar da nake yi da ɗan Adam a yini. Amma a cikinta ana fahimtata. In na ce ƙwayar nan ta ƙi sakin 'yar'uwarta, mutum uku ne za su juyo su dube ni, su damu kamar yadda na damu.

Wata wasiƙa ta same ni a farkon damina ta gida. Malamin firamaren garinmu ne ya rubuta, ta yi mako uku a hanya. Ya ce Baba ya faɗi a gona ana shara, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. Ya ce Inna ta hana a gaya mani, shi ne ya ga bai kamata ba. Na kai wa Farfesa. Ya karanta fassarar da na yi masa, ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ce ya ba ni wata uku. Ina haɗa takarduna Hanna ta zo ta tsaya a bakin teburina.

"Kada aikin ya tsaya," in ji ta. "Ka riƙa rubutowa a takarda. Ni zan huda katin, in kai, in aiko maka da amsa."

Jirgi ya sauke ni Kano, mota ta kai ni Funtuwa, daga nan na hau bayan akori-kura. Na tarar da Baba kwance a ɗakinsa a kan tabarma. Mutumin da ke ɗaukar buhun dawa a kafaɗa ɗaya ya koma ba ya iya korar ƙuda daga fuskarsa. Kalma uku suka rage masa: "to", da "Allah", da "Haru", wato sunana. Da ya gan ni ya faɗi ta ukun, hawaye na bin gefen da ya karkace. Inna ce kaɗai a kansa. Ƙannena mata duk suna gidajen mazajensu, Yaya Mamman kuma yana Legas yana tuƙa tirelar siminti. Ba gidanmu kaɗai ba, garin duka ya zama na tsofaffi da mata. Duk wani mai jini a jika ya tafi Kaduna ko Legas wurin gine-gine, ko ɗan ƙodago ba ka samu. Ruwa ya sauka, maƙwabta sun yi shuka, gandunmu yana nan ciyawa ta fara rufe shi.

Na cire takalmi na ɗauki garma. Kafin azahar hannuna ya yi ƙuraje, washegari suka fashe. Masu wucewa kan tsaya a bakin gona su jingina da keke.

"Sannu da aiki, Dakta! Haka ake huɗa a Ingila?"

Daga nan sunan ya samo asali. Da ba don Baba Nomau ba, da ba mu ga ƙwaya ɗaya ba a shekarar. Bamaguje ne daga wajen Damari, abokin Baba tun suna samari suna haɗuwa a kasuwar auduga. Da labari ya kai masa, sai ga shi da sassafe da mutanensa maza da mata, suka yi mana gayya kwana biyu. Ya shiga ya gai da Baba, ya riƙe hannunsa mai rai. Da ya fito ya kama nawa hannun ya juya shi ya duba.

"Wanga hannu ba na garma ba ne. Me kake yi da shi a can?"

Na yi masa bayani iya ƙoƙarina, na iska da ƙarfe da toka. Ya saurara har ƙarshe, shi kaɗai ne ya yi haka a duk zaman da na yi.

"To in ka gama, dawa za ta ƙara kai?"

Na ce watakila, amma ba bana ba, ba baɗi ba.

"Ai noma ma haka ne," in ji shi. Ya saki hannuna ya koma cikin kunyoyin gona.

Kwanakina suka koma iri ɗaya. Bayan sallar asuba in ɗaga Baba in kai shi bayi, in yi masa wanka, in shafe shi da man kaɗe, in zaunar da shi a inuwa Inna ta ba shi koko da cokali. Daga nan gona har azahar. Bayan la'asar in shimfiɗa tabarma a zaure, in danne takarduna da duwatsu saboda iska, in yi ta cika gida-gidan nan da lambobi. Masu shigowa gaida Baba sukan tsallake ni a hankali kamar mai jinya na biyu. Ranar kasuwa in tafi Funtuwa gidan waya in aika. Daga aikawa zuwa dawowar amsa mako shida ne, abin da a can kwana biyu ne.

Amsar farko na buɗe ta a kan dakalin gidan waya, ban iya jira in kai gida ba. Layi ɗaya ne a cikin doguwar takardar. Na sa waƙafi a inda ya kamata in sa ɗigo, na'urar ta tsaya a nan. Hanna ta haɗo da 'yar takarda, ta ce ta gyara ta sake kaiwa, sai wani kuskuren ya fito a gaba wanda ba ta san abin da nake nufi da shi ba, ta ji tsoron ta ɓata mani aiki. A ƙasa Rajan ya ƙara layi, ya ce kujerata tana nan, ya hana kowa zama. Na zauna a dakalin nan har aka rufe gidan waya. Mutane na wucewa da kayan cefane, ba wanda zan ce wa ga abin da ya same ni, domin ko na faɗa, me zan ce? Waƙafi ya cinye mani mako shida?

Wata ukun suka cika Baba bai tashi ba. Na roƙi wasu ukun, aka ba ni. Amsa ta biyu ta zo da kaka, muna yankan dawa. Wannan karon takardar ta yi kauri. Na kai ta zaure na warware, na bi lambobin da yatsa sau uku. Lissafin ya nuna in fotasiyam yana kusa, ƙarfen yakan ƙara tura wa ƙwayoyin nan biyu wani abu da ke sassauta riƙon da suka yi wa juna. Ba zan yi maku ƙari ba, ba wani abin girgiza duniya ba ne, masana sun daɗe suna zargin haka. Amma ni na gan shi a lamba, da hannuna, bayan shekara uku. Na miƙe tsaye a zauren ina juyawa. Na shiga cikin gida na tarar da Inna tana tankaɗe.

"Inna, aikin nan da nake yi, ya fito!"

"To madalla. Allah ya sa albarka. Ka ci tuwon da na aje maka?"

Na fita majalisar abokan ƙuruciyata, waɗanda suka dawo gida don kaka. Hirar sabon babur ake yi da rediyo mai kaset. Na fara magana, ɗaya ya ce, "Dakta, mu dai ka kawo mana tsarabar agogo in za ka dawo." Aka yi dariya, ni ma na yi. Daga ƙarshe wurin Baba na koma. Na zauna kusa da shi na shimfiɗa takardar a kan ƙafafunsa, na yi masa bayani tun daga farko, da sunan kowa a ɗakinmu, da yatsun Farfesa, da buhun takin da ya taɓa sansanawa. Ban san nawa ya shiga ba. Ya ɗora hannunsa na hagu a kan takardar yana shafawa.

"To," ya ce. "Haru. To."

Bayan mako biyu wasiƙar Farfesa ta zo. Ya ce sakamakon ya yi kyau, shekara ɗaya a gaban na'ura za ta ishe ni in kammala. Amma hukumar da ta tura ni ta rubuto masa, in ban koma ba kafin a buɗe sabon zango za a cire sunana, shi ma kuma ba zai iya riƙe gurbin ba. Ya ja layi a ƙarƙashin kalma biyu: ka dawo.

Da babbar Sallah Yaya Mamman ya zo, da yadi ga Inna da bargo mai laushi ga Baba. Na jira har washegarin Sallah na ja shi bayan rumbu. Na ce shekara ɗaya kawai nake roƙo, ya zauna da Baba, in na dawo ya koma. Na yi ta kawo hujja, har na ce masa shi ne babba, nauyin a kansa yake. Ya bari na gama. Wannan maganar tasa nake so ku riƙe, domin ita ce ba a taɓa gaya maku ba.

"Haruna, ranar da aka zo ɗaukar yara makaranta, mu biyu ne a tsakar gidan nan. Baba ya ɓoye ni a cikin wannan rumbun, ya miƙa ka, don ni na isa riƙe garma. Shekara ashirin ina gandun nan kana aji. Ban taɓa ce maka komai ba. Yanzu ne na sami abin da zan ce nawa ne. In na bar motar nan wata ɗaya, wani za a ba. Ina da mata da ɗiya uku a ɗaki ɗaya a Legas. Ni na yi nawa. Ban ce dole ka zauna ba, amma ni na yi nawa."

Na ji haushinsa a ranar, na kuma daɗe ina ji. Amma ban sami ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ya faɗa ba. Kwana huɗu ya yi ya koma.

Inna kuwa cewa ta yi in tafi.

"Ka tahi abinka. Kafin ka zo wa ke yi? Allah na nan. Na yi magana da Malam Iro, zai riƙa shigowa da safe yana kama mani."

Malam Iro maƙwabcinmu ne, dattijo mai kirki, amma shi ma ya manyanta. Na yarda. Na haɗa jaka, na yi sallama da mutane. Ranar tafiya da safe na ce su gwada ɗaga Baba a gabana in gani, ni ba zan sa hannu ba. Suka kama shi, Inna a dama, Malam Iro a hagu. Sun yi taku uku ƙafar da ta mutu ta harɗe, nauyinsa ya koma kan Inna, duka suka durƙushe a tsakar gida. Zanen da ke ƙugun Baba ya kwance. Malam Iro ya kau da kai da sauri, Inna tana ƙasa tana laluben zanen da hannu ɗaya, ɗayan na dafe da bayanta. Baba bai yi ƙara ba. Idonsa kawai ya rufe, ya matse su, ya ƙi buɗewa. Na ɗauke shi na kai shi bayi, na yi masa wanka kamar kullum, har na gama bai buɗe ido ba.

Duk da haka na ɗauki jakata na fita, don ban san yadda zan fasa a gabansu ba. A Funtuwa motar Kano tana lodi, yaran mota na kira. Na wuce ta na shiga gidan waya. Na fito da duk takarduna daga jaka, na shekara uku, na ɗaure su ƙunshi guda da sunan Hanna a kai. Na rubuta wa Farfesa layi biyar, na ce ba zan dawo ba, a ba Hanna aikin ta ƙarasa. Ma'aikacin ya auna ƙunshin ya buga hatimi ya jefa shi bayan kanta. Kafin la'asar ina gida. Inna ta gan ni da jaka a bakin ƙofa. Ta matso kusa ta rage murya.

"Kada ya sani. In ya san don shi ka bari, ba zai yafe wa kanshi ba. Ka ce mashi an ƙara maka hutu."

Haka na gaya masa. Ya ce, "To."

Na ƙara damina ɗaya a gona, sannan na sami aikin koyarwa a wata sakandare a Ƙanƙara. Na ba da aron gandun, na kwashe Baba da Inna muka koma gidan malamai. Muka ce masa don kusa da asibiti ne, aikin kuma na wucin gadi ne kafin hutu ya ƙare. Wannan ma da nasa ciwon, domin na raba shi da ƙasar da ya sani. A Daudawa ko yana kwance yana jin muryar da ya sani tana wucewa, a Ƙanƙara sai ƙararrawar makaranta. Yakan zauna a gindin dalbejiya yana kallon gonar wani ta bayan shingen waya.

Farfesa ya yi wata takwas bai rubuto ba. Da ya rubuto bai ambaci tafiyata ba, sai ya aiko da takardar da suka buga a kan aikin, sunana a tsakanin na Hanna da nasa. Na karanta ta a ɗakin malamai lokacin hutun tara, na ninke na sa a aljihu, aka kaɗa ƙararrawa na shiga aji na koyar da yadda ake raba gishiri da yashi. Rajan ya gama ya tafi wani kamfanin mai, daga kati ɗaya ban sake jin sa ba. Hanna ce ta riƙe ni da wasiƙa, tana aiko mani da sababbin takardun fanninmu. Da farko nakan cinye su a zama ɗaya. A shekara ta uku na buɗe wata na karanta shafin farko sau biyu ban gane inda aka dosa ba. An sami sababbin na'urori da sababbin hanyoyin lissafi, an wuce inda na tsaya. Ban gaya wa kowa ba. In kuna son ku san abin da na rasa, ba sunan Dakta ba ne. Wannan shafin ne, da rabin awar shayin nan.

A shekara ta huɗu bakin Baba ya ɗan saki, yana haɗa kalma biyu zuwa uku. Wata ranar Alhamis na dawo daga aji na tarar da shi a gindin dalbejiyar, na zauna ina yanke masa farce. Ya daɗe yana motsa baki kafin maganar ta fito.

"Haru. Hutu... bai ƙare ba?"

Ban ɗago ba. Na ce, "Saura kaɗan, Baba."

Ya dube ni har na ji kallon a tsakiyar kaina. Sannan ya ce, "To."

Da ruwan farko na shekarar ya rasu. Muka kai shi Daudawa muka rufe shi kusa da iyayensa. Bayan sadakar arba'in na rubuta wa Farfesa, na tambaya ko akwai sauran hanya, ko da daga farko zan soma. Hanna ce ta amsa. Ta ce Farfesa ya rasu tun cikin sanyi, ba ta san yadda za ta gaya mani ba ina cikin jinya. Ta ce an raba ɗalibansa, ita ma ta sami aiki a wani gari, ɗakinmu na ƙarshen bene an mai da shi wurin ajiye kaya.

Na ɗauki wasiƙar na shiga wurin Inna. Tana zaune a bakin ƙofa cikin takaba tana tsince wake. Na gaya mata abin da ke ciki. Daga nan na gaya mata abin da ya fi damuna, cewa shekara huɗu ina yi wa mahaifina ƙarya, kuma maganar kirki ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu ƙarya ce. Ba ta daina tsintar ba.

"Ya sani," in ji ta.

Na ce, "Wa ya gaya masa?"

"Wa zai gaya mashi? Jikinshi ne ya mutu, ba hankalinshi ba. Tun ranar da ka dawo da jaka ya sani. Kwana uku kana gona ina kai cokali yana kau da kai. Sai da na ce mashi, Malam, yaron nan ya riga ya bar abin da ya bari, in ka ƙi ci ka mutu, ya tashi a banza ke nan. Sannan ya buɗe baki. Ni na roƙe shi ya yi kamar bai sani ba, don ka samu ka riƙa kallon idonshi."

Na ce, to me ya sa ya tambaye ni ko hutu bai ƙare ba?

Ta ajiye faifan a cinyarta, ta dube ni.

"So yake ya ji ko har yanzu kana sa rai. Da ka shiga ɗaki na fito kai mashi ruwa, na tarar yana murmushi. Ya ce mani, Haru zai koma."

Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar wake. Ni kuma na ninke wasiƙar Hanna, na tashi na je na ɗauro alwala, don an fara kiran la'asar.